Gwanar da Tanis Bai Ciyar da Ita Ba

Ran 6 ga Yulin 1957, a filin Wimbledon da ke Landan, wata doguwar baƙar fata 'yar Amurka mai suna Althea Gibson ta lallasa Darlene Hard da ci 6-3 da 6-2. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ce ta miƙa mata farantin nasara hannu da hannu. Da ta koma New York, jama'a suka yi cincirindo a titi suna yi mata barka. Amma ko sisin kwabo gasar ba ta ba ta ba.

A dandalin kokawa na Bagudo ko Illo, wanda ya yi kaye ba ya tashi hannu rabbana: makaɗa na wasa shi, masu hali na yi masa kari. Tanis na wancan zamani ba haka yake ba. Doka ce cewa manyan gasanni na masu wasa don sha'awa ne kawai, duk wanda ya mai da wasan sana'a an rufe masa ƙofa. Dokar ta yi wa 'ya'yan masu kuɗi daidai. 'Yar talaka ce ta kwana a ciki.

Althea kuwa 'yar talaka ce ta gaske. An haife ta a 1927 a jihar Carolina ta Kudu, iyayenta na noman auduga a gonar wani. A 1930 suka yi ƙaura zuwa unguwar Harlem. A kan kwalta ta fara, da wani ƙaramin tanis da ake bugawa da katako, kuma tana shekara 12 ta zama zakarar matan New York a wannan wasa. Maƙwabta ne suka yi karo-karo suka biya mata kuɗin shiga kulob. Daga baya likitoci biyu baƙar fata, Hubert Eaton da Robert Walter Johnson, suka ɗauki nauyinta: ɗaya ya riƙe ta a gidansa ta ƙarasa sakandare, ɗayan yana kai ta gasa lokacin hutu. Daga 1947 ta ci kofin ƙungiyar tanis ta baƙaƙe sau goma a jere.

Duk da haka gasar ƙasa ta Amurka da ake yi a Forest Hills a wancan lokaci ta fi ƙarfinta, ba don rashin iyawa ba, sai don launin fata. Sai da tsohuwar zakara Alice Marble, farar fata, ta rubuta wasiƙa mai zafi a mujallar wasan a 1950, tana kunyata shugabannin wasan, sannan aka gayyaci Althea. A zagaye na biyu ta haɗu da Louise Brough, mai riƙe da kofin Wimbledon. Althea na gaba da 7-6 a turmin ƙarshe, saura ƙiris, sai hadari ya taso. Tsawa ta faɗa kan wani gunkin gaggafa na dutse da ke saman filin ta jefo shi ƙasa, aka ɗage wasa. Washegari Brough ta dawo da sabon ƙarfi ta ƙarasa shi 9-7.

Sai 1956 ta ci gasar Faransa, baƙar fata ta farko da ta ɗauki ɗaya daga cikin manyan kofuna huɗu. Ta haɗa Wimbledon da gasar Amurka a 1957, ta maimaita a 1958. Idan aka haɗa da wasan bibbiyu, manyan kofunanta 11 ne.

Tana kan ganiyarta ta ajiye manyan gasanni, domin kofi ba ya biyan kuɗin haya. Abin takaicin ke nan a tarihinta. Ta riƙa buga wasan nuni kafin 'yan ƙwallon kwando na Harlem Globetrotters su shiga fili. Ta yi faifan waƙa, ta fito a fim tare da John Wayne. A 1964 ta shiga ƙungiyar ƙwararrun mata 'yan golf, nan ma ita ce baƙar fata ta farko, kuma akwai wuraren da sai a cikin mota take canza kaya saboda an hana ta shiga ɗakin kulob.

Sana'ar ta kankama ne bayan zamaninta ya wuce. A 1968 aka buɗe manyan gasanni ga ƙwararru, amma a Wimbledon ta shekarar Rod Laver ya karɓi fam 2,000, Billie Jean King fam 750. A 1970 mata tara, King a cikinsu, suka sa hannu a kwantiragin dala ɗaya ɗaya a Houston suka kafa gasar kansu. A 1973 aka kafa ƙungiyar ƙwararrun mata 'yan tanis ta WTA, gasar Amurka kuma ta daidaita ladan maza da mata. A kan wannan tubali Serena Williams ta tara sama da dala miliyan 94 na ladan gasa kafin ta yi sallama da fili a 2022. Ita da yayarta Venus sun zo Legas a 2012 sun yi wasan nuni.

Althea dai tsufa ya same ta da ciwon shanyewar ɓarin jiki da rashin kuɗin magani. Angela Buxton, Bayahudiyar Ingila da suka ci kofin bibbiyu tare a Faris da Wimbledon a 1956, wadda ita ma ta ɗanɗana wariya, ita ce ta tashi tsaye ta sanar da duniya halin da ƙawarta ke ciki, masoya wasan suka yi ta aiko da gudummawa. Allah ya ja kwanan Althea har ta ga Serena ta ci gasar Amurka a 1999, Venus ta ci Wimbledon a 2000. Ta rasu ran 28 ga Satumbar 2003 a New Jersey, tana da shekara 76. Wimbledon ba ta daidaita ladan mata da na maza ba sai a 2007, kuma Venus ce ta fara karɓa.