Wanda Ya Wuce Zaure: Tarihin Ma'aikatan Lafiya na Karkara a Ƙasar Mahuta

Gabatarwa

Garuruwa biyu ne ke amsa sunan Mahuta a kudancin Jihar Katsina, ɗaya a ƙasar Dandume, ɗaya kuma a ƙasar Kafur. Dukansu suna cikin yankin noman nan na Funtuwa da Malumfashi, inda ake samun auduga da dawa da masara. Manomin wannan yanki ya daɗe da sanin hanyar kai amfanin gonarsa kasuwa, domin tun ƙarshen shekarun 1920 jirgin ƙasa ya iso Funtuwa. Amma hanyar da za ta kai magani ɗakin matarsa, wannan ta fi wuyar ginuwa.

Dalili kuwa shi ne, a gidan Bahaushe zaure shi ne iyakar baƙo namiji, alhali haihuwa da jego da jinya duk a cikin gida ake yin su. Saboda haka tarihin kiwon lafiya a ƙasar Mahuta ba tarihin gine-gine ba ne kurum. Tarihi ne na neman mutumin da za a yarda ya wuce zaure, wanda kuma zai shiga da ilmin da ke ceton rai.

Kafin Zuwan Asibiti

Tun kafin Turawa, kowane gari yana da masu kula da lafiyarsa. Akwai wanzami mai ƙaho da kaciya da cire beli, akwai maɗori, da boka, da malami mai rubutun sha, da 'yar mai ganye. A sha'anin haihuwa kuwa ungozoma ce a gaba. Sai dai ya kamata a fahimci aikinta sosai. Galibi ba ita ke karɓar haihuwa ba. Kunya takan sa mace ta yi naƙuda ita kaɗai a ɗaki, musamman a haihuwar fari, sai bayan jariri ya faɗo a kira ungozoma ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta yi wa jariri wanka, ta tsaya a kan wankan jego. Watau tana da yardar gida, amma ba ta da abin yi in jini ya ɓalle ko naƙuda ta yi tsawo. In ma ta sa hannu, wani lokaci yankan gishiri take yi, wanda kan jawo yoyon fitsari.

Mulkin En'e ya kawo sababbin ma'aikata biyu, watau malamin ɗakin shan magani da duba-gari. Na farko yana zaune a garin hakimi yana wanke gyambo da ba da maganin zazzaɓi. Na biyu yana duba rijiyoyi da masai da mahauta, yana kai ƙarar masu ƙazanta, don haka tsoronsa ake yi, ba marhabin da shi ba. Dukansu maza ne, dukansu kuma a zaure suke tsayawa. Ashe tun farko ilmin zamani yana waje, yarda tana ciki.

Darussan Malumfashi da Zariya

A shekarun 1970 idon masana ya dawo kan wannan yanki. A 1975 aka fara Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, aka kawo taki da hanyoyin karkara da malaman gona. Asibitin Malumfashi a lokacin reshe ne na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, kuma a can ne jami'ar da Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Libaful suka yi shekaru suna binciken tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da sauran cututtukan da suka zauna a ƙauyuka. Kafin wannan, Murray Last ya zauna a wani gidan Maguzawa kusa da Malumfashi, ya kuma nuna a rubutunsa na 1981 cewa majinyaci a nan ba ya ɗaure kansa ga tsarin magani guda, yakan gwada wannan ya gwada wancan.

Binciken da ya fi shafar mata an yi shi ne a Zariya. Tsakanin 1976 da 1979, Kelsey Harrison da abokan aikinsa suka bi diddigin haihuwa 22,774 da aka yi a asibiti, aka buga sakamakon a 1985. Kimanin mace ɗaya cikin ɗari ta rasu. Mafi yawan waɗanda suka rasu ba su taɓa zuwa awon ciki ba, an kawo su ne bayan abu ya ɓaci. Waɗanda suka yi awo suna cikin ƙoshin lafiya kuwa, ƙalilan ne ƙwarai aka rasa. Har ila yau a Zariya, Davidson da Parry suka bayyana a 1978 yadda ciwon zuciya ke kama masu jego, suka danganta yawansa da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Duk waɗannan abubuwa a bayan zaure ake yanke shawararsu, inda likita ba ya zuwa.

Maƙwabta sun riga sun gwada wata hanya. A jihar Maraɗi ta Nijar, tun shekarun 1960 ake sa ƙauye ya zaɓi mutanensa, maza masu ba da taimakon farko da ungozomomi, a yi musu horo na 'yan kwanaki, a ba su akwatin magani. A Garkiɗa ma, a shekarun 1970, 'yan mishan sun horar da mutanen ƙauye su koyar da kiwon lafiya ta hanyar ba da labari. Mai ɗaki, in ji Hausawa, shi ya san inda yake masa yoyo.

Daga Gini zuwa Mutum

Amsar farko da Gwamnatin Tarayya ta bayar ita ce gini. A cikin Tsarin Raya Ƙasa na Uku, 1975 zuwa 1980, an shirya wa kowane mutum 150,000 babbar cibiyar lafiya ɗaya, da matsakaita huɗu, da ƙananan ɗakunan shan magani ashirin, da na tafi-da-gidanka biyar. Kuɗin man fetur bai kai ga cika wannan buri ba, gine-gine da yawa suka tsaya a hanya. Amma shirin ya bar gado mai amfani, watau makarantun horar da ma'aikatan lafiya na al'umma a jihohi, irin wadda ke Kankiya.

A 1978 taron Alma-Ata ya amince cewa kiwon lafiya matakin farko shi ne ginshiƙi. Wanda ya ɗauki wannan da gaske a Nijeriya shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992. A 1986 ya zaɓi ƙananan hukumomi 52 don gwaji, a 1988 aka ƙaddamar da manufar lafiya ta ƙasa, aka ɗora wannan mataki a kan ƙananan hukumomi. A daidai wannan lokaci ne, a 1987, aka ƙirƙiro Jihar Katsina. An kafa kwamitocin lafiya na ƙauyuka, an horar da ungozomomi a kan tsabta da gane alamun haɗari. Bisa ga tsari, ƙaramin ma'aikacin lafiya na al'umma zai yi mafi yawan lokacinsa ne yana zagaya gidaje.

To, amma a aikace ba haka ta kasance ba. Da yake babu likita, babu nas, sai wannan ma'aikaci ya zama shi ne likitan ɗakin shan magani, zagayen gidaje ya mutu. Tsuke bakin aljihun gwamnati daga 1986 ya sa magani ya yi tsada. 'Yan sa-kai da ba a biya su ba suka koma gonakinsu. Bugu da ƙari, a ƙarshen shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta karkata daga horar da ungozomomin gargajiya zuwa neman ƙwararrun masu karɓar haihuwa, domin an ga horon shi kaɗai bai rage mutuwar mata ba. Hujjar gaskiya ce, ungozoma ba za ta yi tiyata ko ƙarin jini ba. Amma a inda ƙwararriyar ba ta iso ba, an saki ta hannu ba a kama wata ba.

Dawowa Ƙofar Gida

A 2009 aka fara shirin tura ungozomomin asibiti karkara, har da waɗanda suka yi ritaya, sai dai jinkirin albashi da rashin masauki sun sa da yawa ba su zauna ba. Daga nan aka gane cewa 'yar gari ita ce mai zama. Shirin Mata don Lafiya, wanda aka yi a Katsina da wasu jihohin Arewa daga 2012 zuwa 2020, ya riƙa ɗauko 'yan mata daga ƙauyuka yana shirya su shiga makarantu irin ta koyon ungozoma da ke Malumfashi. An kuma jawo direbobin haya cikin aikin kai mai naƙuda asibiti da gaggawa, domin jinkiri iri uku ke kashe ta: na yanke shawara a gida, na hanya, da na samun kulawa bayan an isa.

Babbar shaida ta fito ne daga yaƙi da shan-inna. Bayan gardamar allurar rigakafi ta 2003, an fahimci cewa ba shelar rediyo ce za ta buɗe ƙofa ba. Daga 2012 aka ɗauki dubban mata 'yan unguwa suna bin gida gida, suna halartar suna, suna ƙidaya jarirai da masu ciki. A watan Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. A kan irin wannan tushe aka ƙaddamar da shirin CHIPS a 2018. Duk da haka, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna ana rasa mata 512 a kowace haihuwa 100,000, kuma a Arewa maso Yamma waɗanda ke haihuwa a asibiti ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Rashin tsaro ya ƙara nauyi. A Disamba 2020 'yan bindiga suka tare ɗaliban Islamiyya na Mahuta ta ƙasar Dandume, ko da yake an kuɓutar da su. Inda hanya ta zama abin tsoro da dare, mai taimakon da ke cikin unguwa ta fi daraja.

Ciwon Sukari

Yanzu wani baƙo ya shigo wanda tsofaffin shirye-shirye ba su yi tanadinsa ba. Binciken ƙasa na farkon shekarun 1990 ya sami ciwon sukari a jikin kimanin mutum biyu cikin ɗari na manya. Wani nazari da aka buga a 2018 ya kai adadin kusan shida cikin ɗari, ko da yake Arewa maso Yamma ce ke da mafi ƙaranci. Ciwo ne mai shiga a ɓoye, da ƙishirwa da yawan fitsari da rama, har sai gyambon ƙafa ya ƙi warkewa ko gani ya ragu. Yana kuma haɗuwa da sha'anin haihuwa, domin sukarin da ya hau lokacin goyon ciki yakan sa jariri ya yi girman da zai wahalar da naƙuda, uwar kuma ta fi kusa da kamuwa da ciwon daga baya.

Bambancinsa da shan-inna shi ne ba a gamawa da shi da ɗigon rigakafi. Yana bukatar mai dawowa wata bayan wata, ta gwada jini, ta duba ƙafa, ta zauna da mai girki a kan yawan tuwo da sukarin shayi, ta ba da shawara kafin azumi. A Amurka, al'ummomin da suka fito daga Meziko da maƙwabtanta sun dogara da irin waɗannan mata 'yan unguwa masu jin harshensu. Wani shiri da aka fara a San Diyego a 1997 ya horar da masu ciwon su koyar da 'yan'uwansu, aka kuma ga sukarin jininsu ya sauka. Idan ƙasa mai yalwar likitoci ta bukaci 'yar unguwa, to ina ga Mahuta?

Kammalawa

Abin da wannan tarihi ya nuna a fili yake. Duk lokacin da aka haɗa yardar gida da horo na ƙwarai da asibitin da za a tura mutum, an ceci rayuka. Duk lokacin da aka tsare ma'aikaci a bayan tebur, ko aka bar mai sa-kai ba lada, ko aikin ya tsaya da tafiyar masu ba da agaji, an koma gidan jiya. Ɗaliban da za su shiga wannan fage da ma'aikatan da ke tsara kasafin kuɗi su ne za su yanke hukunci a kan abubuwa uku: albashi mai ɗorewa daga aljihun jiha da ƙaramar hukuma, kayan gwajin sukari da hawan jini a jakar kowace mai zagaye, da mai duba aikinta a kai a kai. Matar da za ta yi wannan aiki ba sai an nemo ta daga nesa ba. Tana nan a Mahuta, kuma ba ta bukatar iso kafin ta wuce zaure.