Yadda ake auna ingancin gidajen jinyar ƙarshen rayuwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowace shekara mutane kusan miliyan 57 ne ke buƙatar jinyar sauƙaƙa raɗaɗi, saboda cututtukan da suka yi tsanani ko suka gagari magani.

Alƙaluman da hukumar ta fitar a 2020 sun nuna cewa kashi 14 cikin 100 ne kawai daga cikinsu ke samun wannan kulawa.

A ƙasashe da dama akwai cibiyoyi na musamman da aikinsu ke nan, waɗanda ake kira hosfis. Amma ba duka ne suka taru suka zama ɗaya ba, shi ya sa hukumomi suka tsara hanyoyin tantance na ƙwarai daga na banza.

Mene ne hosfis?

Hosfis tsari ne na kula da majinyacin da likitoci suka tabbatar cewa cutarsa ba ta jin magani, kuma bisa ga alamu kwanansa ya ƙarato.

Ba a neman warkar da cutar. Abin da ake sa wa gaba shi ne a rage masa zafin ciwo, a kiyaye mutuncinsa, a kuma tallafa wa iyalinsa.

Galibin masu cin moriyar tsarin su ne masu fama da ciwon daji, da ciwon zuciya, da na huhu ko ƙoda, da kuma tsofaffi masu larurar mantuwa.

Ba lallai ne a kwantar da mutum a wani gini ba. A Amurka da Birtaniya da Uganda, yawancin aikin a gidajen majinyatan ake yin sa, inda ma'aikatan jinya ke zagayawa suna duba su.

Tsarin ya sha bamban da abin da ake kira kisan jinƙai. Ma'anar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar ta ce irin wannan jinya ba ta nufin gaggauta mutuwa, ba ta kuma nufin jinkirta ta.

Asalin tsarin

Ana danganta hosfis na zamani ga Cicely Saunders, wata 'yar Birtaniya da ta fara da aikin jinya, ta koma aikin jin daɗin jama'a, sannan daga baya ta zama likita.

A 1967 ta buɗe cibiyar St Christopher's a kudancin London, kuma a nan ta rasu a 2005.

Abubuwa biyu da ta kawo su ne har yanzu ginshiƙin auna inganci.

Na farko, a riƙa bai wa majinyaci maganin zafi a kan lokaci, kafin ciwon ya dawo, maimakon a jira sai ya fara nishi.

Na biyu, ta ce raɗaɗin mai jiran ajali ba na jiki ba ne kawai. Akwai na zuciya, akwai damuwar halin da iyali za su shiga, akwai kuma abin da ya shafi imani.

Amurka ta buɗe cibiyarta ta farko a jihar Connecticut a 1974. A Afirka kuwa, cibiyar Island Hospice ta Zimbabwe ce ta fara, a 1979.

Ma'auni na farko: zafin ciwo

Duk wata tantancewa daga nan take farawa. Cibiyar da ta bar majinyaci yana kwana yana murƙususu ta gaza, komai kyan gininta.

Ma'aikata kan nemi majinyaci ya faɗi ƙarfin ciwonsa tsakanin 0 da 10. Inda ba a saba da lissafi ba, akan yi amfani da yatsun hannu, daga dunƙulallen hannu zuwa yatsu biyar a buɗe.

Idan ba ya iya magana, sai a lura da fuskarsa, da numfashinsa, da yadda yake motsi idan an taɓa shi.

Cibiya ta ƙwarai tana rubuta wannan a kowace ziyara, ta kuma sake aunawa bayan an ba da magani don ganin ko ya yi aiki.

A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin matakai uku na maganin zafin ciwon daji. Ana farawa da irin su farasitamol, a hau zuwa masu matsakaicin ƙarfi kamar kodin, sannan a kai ga mofin idan ciwon ya tsananta.

Saboda haka tambayar da masu bincike ke yi ita ce: shin cibiyar tana da mofin a kowane lokaci, kuma akwai wanda ke da izinin rubuta shi ko da tsakar dare ne?

Ana kuma duba yadda ake magance sarƙewar numfashi, da amai, da rashin barci, da taurin bayan gida, wanda kusan duk mai shan mofin ke fama da shi.

Gyambon kwanciya ma shaida ne. Idan ya yawaita a jikin majinyata, alama ce ta cewa ba a juya su, ko kuma ba a koya wa masu jinyarsu yadda za su yi ba.

Ma'aikata da saurin amsa kira

Hosfis aikin tawaga ne. Ana sa ran a samu likita, da ma'aikatan jinya, da jami'in jin daɗin jama'a, da mai ba da shawara kan addini, da masu taimakawa wajen wanka da sauya shimfiɗa.

A Amurka, inda shirin inshorar gwamnati na Medicare ya fara biyan kuɗin hosfis bisa dokar 1982, sai likitoci sun tabbatar cewa majinyaci ba zai wuce wata 6 ba idan cutar ta ci gaba yadda aka saba gani.

Dokokin shirin sun wajabta a samu ma'aikacin jinya da likita da magunguna sa'o'i 24 a kowace rana.

Sun kuma tanadi matakan kulawa guda huɗu: ziyarar gida ta yau da kullum, da zama da majinyaci na tsawon sa'o'i idan jiki ya rikice, da kwantarwa a asibiti, da kuma karɓarsa na kwanaki har 5 domin masu jinyarsa su huta.

Cibiyar da ba ta taɓa samar da komai ba sai matakin farko, wanda ya fi arha, abin tuhuma ce.

Haka kuma ana ƙirga yawan ziyarar da ƙwararrun ma'aikata suka kai a kwanaki ukun ƙarshe na rayuwar majinyaci, domin a lokacin ne iyali suka fi shiga ruɗani.

Yadda hukumomi ke bincike

A Ingila, hukumar CQC mai sa ido kan ingancin kiwon lafiya, wadda ta fara aiki a 2009, ita ce ke duba cibiyoyin hosfis.

Tambayoyi biyar take yi: Shin majinyata na cikin aminci? Jinyar tana aiki? Ana nuna musu tausayi? Ana biya musu buƙatunsu a kan kari? Shugabancin wurin na da kyau?

Daga nan sai ta sanya cibiyar a ɗaya daga cikin matsayi huɗu, wato fitacciya, ko mai kyau, ko mai buƙatar gyara, ko wadda ta gaza. Ana wallafa rahoton a intanet domin kowa ya gani.

A Amurka, wata dokar 2014 ta wajabta a binciki kowace cibiya aƙalla sau ɗaya a cikin shekara 3.

Ban da wannan, tun 2015 ake aika wa iyalai takardar tambayoyi 'yan watanni bayan rasuwa.

Ana tambayarsu ko an riƙa yi musu bayani, ko taimako ya zo lokacin da suka nema, ko an mutunta mamacin, da kuma ko za su shawarci wani ya je wurin.

Dalilin tambayar iyali a fili yake. Wanda aka yi wa aikin ba ya nan balle ya ba da shaida.

A Afirka, Ƙungiyar Jinyar Sauƙaƙa Raɗaɗi ta nahiyar, APCA, mai hedkwata a Kampala, ta samar da nata ma'aunin mai tambayoyi 10. Bakwai na majinyaci ne, uku kuma na danginsa.

Inda abubuwa suka lalace

Sa ido ya zama dole ne saboda abubuwan da suka faru a baya.

A 2019, ofishin babban mai bincike na ma'aikatar lafiya ta Amurka ya ba da rahoton cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na cibiyoyin da aka bincika tsakanin 2012 da 2016 an same su da aƙalla laifi ɗaya na saɓa ƙa'ida.

Medicare na biyan kuɗi ne a kan kowace rana da sunan majinyaci ke cikin rajista, ko an ziyarce shi ko ba a ziyarce shi ba.

Wannan ya sa wasu kamfanoni suka riƙa rubuta sunayen mutanen da ba su kai gargara ba. Mafi yawan cibiyoyin ƙasar na 'yan kasuwa ne.

Matsalar ta yi ƙamari a jihar California har ta kai ga dakatar da bayar da sabon lasisi daga farkon 2022.

Shi ya sa yawan majinyatan da cibiya ke sallama da ransu ya zama abin lura. Wasu kan samu sauƙi da gaske, amma idan adadin ya yi yawa, to da walakin.

A Birtaniya kuwa, a 2013 wani kwamiti ƙarƙashin Baroness Julia Neuberger ya ba da shawarar a soke tsarin jinyar ƙarshe da aka fi sani da Liverpool Care Pathway.

An ƙirƙiro shi ne don kai ƙwarewar hosfis cikin asibitoci. Amma kwamitin ya gano cewa a wurare da dama ya koma cike takarda kawai, ba a yi wa iyalai bayani, har ma an samu ƙorafin hana majinyata ruwan sha.

Addini da al'ada

Wannan ma yana cikin abin da ake aunawa, ba alfarma ba ce.

Ga iyalan Musulmi, musamman mazauna Turai da Amurka, abin dubawa ya haɗa da abincin halal, da damar mace ta yi jinyar mace, da izinin dangi su shigo da yawa a kowane lokaci.

Akwai kuma batun juya gado ya fuskanci alƙibla, da kiran malami, da daidaita magani idan majinyaci yana so ya kasance cikin hayyacinsa domin a laƙƙana masa kalmar shahada.

Bayan rasuwa, ana duba ko cibiyar na da tsarin fitar da takardun mutuwa cikin hanzari, don kada a jinkirta jana'iza.

Aikin bai ƙarewa da binne mamaci. Dokar Amurka ta tanadi a ci gaba da tallafa wa iyali wajen jure rashin har tsawon shekara guda.

Halin da ake ciki a Afirka

Babban cikas shi ne magani. Wani kwamitin ƙwararru na mujallar Lancet ya bayyana a 2017 cewa rabin al'ummar duniya mafi talauci na samun ƙasa da kashi 1 cikin 100 na magunguna dangin mofin da ake rarrabawa.

Uganda ce ake kafa misali da ita. A 1993 Dokta Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin likita a Najeriya, ta kafa Hospice Africa Uganda, inda aka riƙa haɗa garin mofin da ruwa, a samu na sha mai arha.

A 2004 ƙasar ta sauya doka, ta bai wa ma'aikatan jinya da suka samu horo na musamman izinin rubuta mofin, abin da ya kai maganin ƙauyukan da babu likita.

A Najeriya, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan ya buɗe sashen wannan jinya a 2007, da jagorancin Farfesa Olaitan Soyannwo. Wasu asibitocin koyarwa sun bi sahu daga baya.

Har yanzu dai mafi yawan jinyar ƙarshe a Najeriya da Nijar tana wuyan dangi ne, musamman mata.

A 2014 Babban Taron Lafiya na Duniya ya amince da ƙudurin da ya buƙaci ƙasashe su sanya wannan jinya cikin tsarin kiwon lafiyarsu tun daga matakin farko.

Tambayoyin da iyali kan yi

Ga irin tambayoyin da ke bambance cibiya da cibiya:

Wace hukuma ce ta ba ta lasisi, kuma yaushe aka bincike ta na ƙarshe?

Idan ciwo ya tashi da daddare, wa zai ɗauki waya, kuma tsawon wane lokaci za a jira kafin wani ya iso?

Majinyata nawa ne ke hannun ma'aikacin jinya guda?

Mene ne kyauta, mene ne kuma iyali za su biya?

Za a koya wa masu jinya yadda ake ba da magani da juya majinyaci?

Idan majinyaci ya sauya shawara yana son komawa asibiti, yana da damar yin haka?

Lokacin da aka fara ma yana da tasiri, domin da yawa ba a kai su sai saura 'yan kwanaki.

Wani bincike da aka yi a babban asibitin Massachusetts na Amurka, aka wallafa a 2010, ya duba masu ciwon dajin huhu da ya bazu.

Waɗanda aka haɗa musu jinyar sauƙaƙa raɗaɗi da maganin cutar tun da wuri sun fi samun natsuwa, kuma matsakaicin lokacin da suka rayu ya kai wata 11.6, yayin da na sauran ya tsaya a wata 8.9.