Tarihin Fiɗar Girman Nono ga Maza, daga Iskandariyya zuwa Asibitin Zamani

Girman nono ga namiji, wanda likitoci ke kira gainikomastiya, lalura ce da ke faruwa idan 'yar ƙwayar nonon da kowane ɗa namiji ke da ita a ƙarƙashin kan nono ta ƙaru har ƙirji ya tasa kamar na budurwa, ko dai a gefe ɗaya ko a gefe biyu. Ita kanta lalurar ba ta kisa, kuma a mafi yawan lokuta zafinta bai wuce ɗan tsami idan an taɓa wurin ba, amma duk da haka tana cikin lalurorin da likitocin fiɗa suka rubuta yadda ake yi musu aiki tun fiye da shekara 1,300 da suka wuce, a zamanin da yankan fata kaɗai kan iya zama ajalin mutum. Abin da ya kai maza gaban wuƙa a wannan babi kunya ce, kuma abin lura a tarihin shi ne likitocin farko sun karɓi wannan kunya a matsayin cutarwa ta gaskiya wadda ta cancanci magani, tun kafin su san abin da ke haddasa lalurar.

Ana danganta sunan lalurar ga Jalinus, likitan Girka da ya yi aiki a birnin Rum a ƙarni na 2 na Miladiyya, wanda ya ɗauke ta a matsayin taruwar kitse a ƙirjin namiji. Bayanin fiɗa mafi daɗewa da ya iso hannun mutanen yau kuwa na Bulus ne, mutumin tsibirin Ajina da ke Girka, wanda ya rayu a ƙarni na 7 kuma ya yi aikin likita a Iskandariyya ta Masar daf da lokacin da Musulmi suka buɗe birnin. Bulus ya tattara ilimin likitancin magabata a cikin littafi mai juzu'i bakwai, ya keɓe juzu'i na shida ga fiɗa, a ciki kuma ya ware babi guda ga nonon namiji da ya yi kama da na mace. Ya lura cewa nonon samari kan kumbura a lokacin balaga kamar yadda na 'yan mata ke yi, cewa yawanci yakan saɓe da kansa, cewa kuma a wasu tsiraru yakan ci gaba da girma, sa'annan ya kafa hujjar yin aiki a kan gorin da ake yi wa mai lalurar na cewa ya zama mata-maza.

Hanyar da ya tsara a sauƙaƙe take a takarda. Likita zai yi yanka mai siffar jinjirin wata a ƙarƙashin nonon, ya ɗaye fata, ya cire abin da ya taru a ƙarƙashinta, sa'annan ya haɗa bakin raunin ya ɗinke. Idan kuwa nonon ya yi girma har ya zubo, to yanka biyu za a yi, babba da ƙarami, dukkansu masu siffar jinjirin wata, ƙaramin a cikin babban, bakunansu na haɗuwa a gefe da gefe, ta yadda za a cire fatar da ke tsakaninsu tare da kitsen, fatar da ta rage kuma ta kwanta a kan ƙirji. Ya ƙara da cewa idan likita ya rage abin da ya kamata ya cire, wajibi ne ya koma ya ƙarasa. Wanda ya san aikin fiɗa na yau zai gane cewa Bulus ya riga ya fahimci matsaloli biyun da har yanzu ake fama da su, wato abin da ke cikin nonon da kuma rarar fatar da ke lulluɓe da shi.

Ya kamata a tsaya a auna abin da wannan aiki ke nufi ga wanda aka yi wa. Babu maganin sa barci irin na yanzu, iyaka dai a ba shi wani abu na tsirrai da zai dushe masa hankali, mataimaka su danne hannuwansa, likita kuma ya yi gaggawa gwargwadon iko. Babu wanda ya san ƙwayoyin cuta, don haka rauni ya yi mugunya abu ne da aka saba gani, kuma babu hanyar mayar da jinin da ya zuba. Mutumin da lafiyarsa ƙalau, yana ci yana sha yana neman abincinsa, amma ya yarda ya kwanta a yi masa haka, ya ba da shaida mafi ƙarfi a kan nauyin abin da yake ɗauke da shi a zuci.

Daga Iskandariyya ilimin ya wuce Bagadaza, inda Hunainu bin Ishaƙ, shahararren mai fassara na ƙarni na 9, ya mayar da littafin Bulus zuwa Larabci. Aliyu bin Abbas al-Majusi ya kawo wannan fiɗa a cikin littafinsa Kamil al-Sina'a al-Ɗibbiyya a ƙarni na 10, amma wanda sunansa ya fi manne da ita shi ne Abul Ƙasim al-Zahrawi, wanda aka haifa wajen shekarar 936 a kusa da Kurɗuba ta Andalus, ya kuma rasu wajen 1013. Littafinsa al-Tasrif maƙala talatin ne, ta ƙarshe ita ce ta fiɗa, wadda a cikinta ya zana kayan aiki kusan 200. A babin nonon maza ya bi sawun Bulus wajen siffar yankan, ya haɗa da zane domin ɗalibi ya ga inda wuƙa za ta bi, sa'annan ya kawo wani bayani da ke nuna halin da ake ciki a ɗakin fiɗa na wancan zamani: idan majinyaci ya kasa natsuwa, ko jini ya hana a ƙarasa, sai a cusa auduga da aka jiƙa da man shafawa mai cin nama a cikin raunin, a bar ta har ta cinye ragowar kitsen, daga nan a yi jinyar wurin har ya warke.

Jirad, mutumin Kiremona ta Italiya, ya fassara maƙalar fiɗa ta al-Zahrawi zuwa Latin a birnin Toledo a ƙarni na 12, ta haka ta zama abin karatu ga likitocin Turai na ɗaruruwan shekaru. A gabas kuma Sharafuddin Sabunjuoglu, likitan asibitin garin Amasya da ke ƙasar Turkiyya ta yau, ya kammala littafinsa Jarrahiyyatul Haniyya a 1465, ya rubuta shi da Turkanci bisa tsarin al-Tasrif, ya kuma ƙawata shi da hotunan likita da majinyaci suna cikin aiki, har da hoton fiɗar nonon namiji. Bayan wannan, ƙarnoni sun shuɗe ba tare da wani canji na a zo a gani ba, har sai da aka nuna amfani da iskar sinadarin ether wajen sa majinyaci barci a Boston a 1846, sa'annan Joseph Lister ya bayyana hanyar kashe ƙwayoyin cuta a rauni a 1867.

Duk tsawon wannan lokaci likitoci na yanka abin da ba su san asalinsa ba, domin kusan dukkansu sun ɗauka kitse ne kawai. Sani ya zo ne a ƙarni na 20, bayan an gano sinadaran da ake kira homon, wato saƙonnin da wasu gaɓoɓi ke zubawa a cikin jini domin su sarrafa aikin wasu gaɓoɓin. An ware sinadarin mata na farko daga jinsin istirojin a 1929, na maza kuma, testosteron, a 1935, daga baya aka fahimci cewa jikin kowane namiji na ɗauke da duka biyun, kuma ƙwayar nono na girma ne idan ma'aunin ya rinjaya zuwa ɓangaren istirojin. A 1942 Harry Klinefelter da abokan aikinsa a Boston suka bayyana wasu maza tara da ke da girman nono tare da ƙanƙantar 'ya'yan maraina da rashin haihuwa, lalurar da a 1959 aka gano cewa ƙarin ƙwayar gado ce ke jawo ta. Ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara wani darasi mai ban tausayi, domin fursunonin yaƙi da dama da yunwa ta ƙarar da su a sansanoni sun sami kumburin nono bayan sun fara samun isasshen abinci, saboda gaɓoɓin da yunwa ta dakatar sun farfaɗo kamar a sabuwar balaga, kuma a mafi yawansu kumburin ya tafi da kansa.

Da wannan ilimi aka gane cewa akwai matakai uku na rayuwa da lalurar ta fi bayyana: jarirantaka, saboda sinadaran uwa da suka rage a jinin jariri, sai balaga, sai kuma tsufa, lokacin da testosteron ke raguwa. Binciken da aka wallafa a Amurka a 1961 a kan yara maza 'yan sikawut ya nuna cewa kusan biyu cikin uku na masu shekara 14 na da ɗan kumburin, abin da ya gaskata lurar da Bulus ya yi, kuma an san cewa yawanci yakan saɓe cikin shekara biyu. Na jariri shi ma yakan wuce cikin makonni, don haka al'adar matse nonon jariri da kakanni da ungozomomi ke yi a wurare da dama, har da ƙasar Hausa, ba ta da amfani, sau da yawa ma ita ce ke jawo ƙurji a wurin. An kuma gano cewa ciwon hanta mai tsanani, ciwon ƙoda, ƙari a maraina, da kuturta idan ta lalata 'ya'yan maraina, duk suna iya bayyana ta wannan hanya, haka nan magunguna irin su sifironolakton na hawan jini da ciwon zuciya, simetidin na gyambon ciki, efabirenz na cuta mai karya garkuwar jiki, da allurai ko ƙwayoyin gina tsoka da wasu masu ɗaga ƙarfe ke amfani da su.

A ɓangaren wuƙa, ƙarni na 20 ya shagala da tabo. Yankan Bulus da al-Zahrawi na barin doguwar shaida a ƙirji, wadda kan maye gurbin kunyar farko da wata sabuwa, tunda mai ita har yanzu ba zai so ya tuɓe riga ba. Léon Dufourmentel a Faransa a 1928, da Jerome Webster a Amurka a 1946, suka mayar da yankan zuwa gefen baƙar da'irar da ke kewaye da kan nono, inda bambancin launin fata ke ɓoye tabon, kuma yankan rabin da'ira na Webster na nan ana amfani da shi. A 1973 wani likita mai suna Simon da abokansa suka kasa lalurar zuwa matakai bisa girman nono da rarar fata, domin a san wanda cirewa kaɗai ta ishe shi da wanda sai an rage masa fata. Daga ƙarshen shekarun 1970 Yves-Gérard Illouz a Paris ya inganta dabarar zuƙe kitse da siririn bututu ta ƙaramar kafa, a farkon shekarun 1980 kuma aka fara haɗa ta da fiɗar nonon maza. Bututun na kwashe kitse amma ba ya iya cin ƙwayar nonon, wadda ke da tauri kamar roba, saboda haka galibi ana haɗa hanyoyin biyu, likita kuma na barin ɗan siririn faifai na naman a bayan kan nono, don idan ya kwashe duka wurin zai lotsa ya zama rami.

Rayuwa da wannan lalura ba ta sauya sosai daga abin da Bulus ya gani ba. Saurayi kan ranƙwafar da kafaɗu gaba domin riga ta saki daga ƙirji, ya sa singileti mai matsewa a ƙarƙashin riga ko da ana zafin bazara, ya ƙi shiga ƙwallo ranar da ɓangarensa ne za su tuɓe riga, ya daina zuwa rafi tare da tsaransa, iyayensa kuwa suna ɗauka ƙiba ce ko kawai rashin son mutane. Ga Musulmin da ke tsoron kada aikin ya shiga babin canza halittar Allah, malaman fiƙihu sun daɗe da bambanta kawar da aibi da neman ƙarin ƙawa, suna kafa hujja da hadisin Arfaja bin As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi da ya sa na zinariya. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Putrajaya ta Malesiya a 2007, ta halatta fiɗar gyaran jiki idan manufarta mayar da gaɓa ga yanayinta na asali ce ko kawar da nakasar da ke cutar da mutum a jiki ko a zuci.

Babban abin da asibitin zamani ya ƙara a kan gadon magabata shi ne tsarin matakan da ake bi kafin a kai ga fiɗa. Likita kan fara da tantance ko ƙwayar nono ce ta girma ko kitse ne tsantsa, ya tambayi magungunan da ake sha, ya duba maraina da hanta, ya kuma tabbatar cewa ba sankarar nono ba ce, wadda maza ma kan kamu da ita, ko da yake ba su wuce kusan kashi 1 cikin 100 na masu ita ba, kuma alamarta ƙullutu ne mai tauri a gefe guda, wani lokaci tare da jini daga kan nono. Saurayi mai tashen balaga yawanci jira ake ba shi shawara, wanda magani ya jawo wa kuma a canza masa maganin. Fiɗa na zuwa ne idan girman ya haura shekara guda, lokacin da naman kan zama jijiya-jijiya ya daina jin magani. Bayan aikin majinyaci kan sa riga mai matse ƙirji na makonni, kan nono na iya yin sanyin ji na wani lokaci, jini kuma na iya taruwa a ƙarƙashin fata har a buƙaci fitar da shi. Masu baƙar fata na da ƙarin dalilin tattaunawa da likita tun kafin a fara, domin tabo mai tasowa ya yi kauri ya wuce iyakar rauni, wanda ake kira kiloyid, ya fi yawa a cikinsu, ƙirji kuma na cikin wuraren da ya fi fitowa, don haka duk wanda kaciya, tsaga ko wani tsohon rauni ya taɓa bar masa irin wannan tabo ya wajaba ya nuna wa likitan fiɗa kafin a zaɓi inda za a yanka.