Amanar Fataken Goro

A ƙarni na 19, ayari kan tashi daga Kano zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, tafiyar watanni, don sayo goro. Sanayya ce ta riƙe wannan fatauci. Ƙungiyoyin fatake irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun ƙullu ta auratayya da zama zango ɗaya. Maigida ya sauki baƙo, ya tsaya masa, a ba shi kaya bashi ba takarda. Wani zai ce tsoron Allah ne kawai. Yana ciki, amma maci amana labarinsa kan riga jakinsa isa zango na gaba, kowa ya rufe masa ƙofa. Ko da yaƙin basasar 1892 ya watsa Salaga, fatake sun bi masu masaukinsu zuwa Kete-Krachi da Kumasi, ciniki ya ɗore.