Zaman bukkar gona da ƙananan yara: abin da za a tanada kafin a tashi

Zaman bukka shi ne magidanci ya kwashi iyalinsa su tare a gona na ɗan lokaci, wani tun noman fari, wani sai kaka in hatsi ya nuna. A ƙasar Mallawa da Dogo-Dogo da Dungas, har zuwa Bande da Magarya, wanda gonarsa ke nesa da gari ya san dalili: tafiyar safe da yamma tana cinye rabin aikin yini, ga dammunan hatsi da kirgar gyaɗa da ke son tsaro kafin a saki gonaki ga dabbobi. Babba ko a ƙasa ya kwanta zai kai safe. Yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kuwa, watannin nan na Yuli zuwa Oktoba su ne mafi haɗari gare shi a duk shekara. Shi ya sa muka haɗa wannan bayani domin masu saurarenmu, da 'yan uwa da ke Kano, Legas, Libiya ko Aljeriya masu aiko da kuɗin damina.

A fara da wurin kafa bukkar. A nemi tudu, inda ruwa ba ya kwanciya in an yi mamako. Kwari da bakin tabki suna da daɗin ɗiban ruwa, amma nan ne sauro ke ƙyanƙyasa, nan ne kuma yara ke faɗawa ko su ɗauko tsargiya wajen wanka. A nisanci suri da tsibin itace da ramukan ɓeraye, don maɓoyar maciji ne. Maganar inuwa kuma, kowa ya san halin gawo da ya cika gonakinmu: da damina yake zubar da ganye, sai rani ya yi kore. Wanda ya kafa bukka a gindinsa don inuwa bai samu komai ba sai ƙaya a ƙafar yara. Ƙaramar rumfa ta zana a gaban bukka ta fi. Kuma in hadari ya taso da walƙiya, kada a tara yara a gindin doguwar itaciyar da ke tsaye ita kaɗai a fili.

Ita kanta bukkar, mu a ganinmu sange ne ya kamata ya yanke girmanta. Da yawa sai sun gama ɗaure tanka sun baibaye, sannan su ga gidan sauron ba ya ɗauruwa, ko kuma yana manne da jikin yaro, sauro yana cizo ta waje. A auna sangen tukuna, a kafa sanduna huɗu da za su riƙe shi, sannan a zagaye da zanar gamba. Tamfol ko leda mai kauri suna hana yoyo, amma in su kaɗai aka rufa, da rana bukkar ta zama tanda. A shimfiɗa ledar a ƙasa, shibci ko kara a bisa. Gadon kara mai ƙafafu, ko da tsayinsa bai wuce gwiwa ba, ya fi tabarma a ƙasa nesa ba kusa ba: yana raba yaro da sanyin ƙasa, da kunama, da ruwan da ke kwararowa cikin dare. A haƙa ɗan lambatu a kewaye bukkar.

Sange mai magani yana kai kamar shekara 3 in an kula da shi. Sabo, a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a kwana ciki. In ya yi dauɗa a wanke a hankali da sabulu, a shanya a inuwa, ba a rana ba. Ɓula ko ta shigar ɗan yatsa ce a ɗinke ta. A cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ko katifa tun magariba, don yara sukan riga manya barci. Wanda muke gani ana rufe shukar lambu da shi ko ana ɗaure harawa, wannan sangen an raba shi da aikinsa.

Yanzu ga abin da ya fi damunmu. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ba da shawarar a riƙa bai wa yaran Sahel 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro a lokacin damina. Shi ne ma'aikatan lafiya ke kira CPS. A Nijar an soma a 2013, kuma Magarya na cikin wuraren farko, tare da ƙungiyar likitoci ta MSF wadda ta fara aiki a yankin a 2005. Ana ba da maganin sau ɗaya kowane wata, yawanci daga Yuli zuwa Oktoba, kuma kowane zagaye kwana 3 ne: ranar farko a gaban masu rabo, rana ta biyu da ta uku uwa ce ke bayarwa a gida. Kariyarsa ba ta wuce kamar mako 4, shi ya sa tsallake wata ɗaya yake barin yaro a buɗe. To masu rabon gida-gida suke bi a cikin gari. Iyalin da ya tare a gona, in aka zo aka tarar da ƙofa a rufe, shi ke nan an wuce shi, alhali yaran da ke bukka su ne suka fi kusa da sauro. Kafin a tashi, maigida ya je wajen maigari ko likitar CSI ya tambayi ranakun rabo, ya bar lambar waya, ya tafi da katin kowane yaro. Ranar rabo a ɗora yara a amalanke a kawo su gari, ko da za a rasa aikin wuni. Waɗanda suka tuna daminar 2018, lokacin da MSF ta ce yara sama da 700 ne kwance a asibitin Magarya a lokaci guda, sun san abin da muke faɗa.

Jaririn da bai kai wata 3 ba ba a ba shi wannan magani. In gonar na da nisa da likita, gara mai jego ta zauna a gari da jaririnta, a bar zaman bukka ga waɗanda suka yi ƙwari.

Ko yaro yana shan CPS, in jikinsa ya yi zafi a kai shi a yi gwajin jini na ɗan yatsa a ranar, kada a ce sai an gama yankan hatsi. In ya kasa kama nono, ko yana amayar da duk abin da ya ci, ko yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ba a jiran gari ya waye. Tun 2006 doka ta ce a duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a likitocin gwamnati, ko da yake wani lokaci magani kan yanke a ce a saya. Kuɗin mai mashin dai a ware shi daban, a san kuma wa za a kira da dare.

Ruwan sha a ɗebo daga fanfo ko rijiya mai murfi a jarka mai marfi. In dole sai na tabki, a tace a tafasa, ko a saka ƙwayar Aquatabs yadda aka rubuta a takardarta a jira minti 30. A tafi da ƙunshin SRO na gudawa: ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Jariri ɗan ƙasa da wata 6 nono kaɗai ya ishe shi, ko da ana zafi.

Maganin feshin wake kuwa, kada ya kwana bukka ɗaya da yara, kuma jarkarsa ba ta zama ta ruwa ko ta fura ko sau nawa aka wanke. Ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhun wake don kashe ƙwari iskar guba take fitarwa, tana iya kashe mutum a barci. Buhun da aka saka mata a ajiye shi can nesa.

Da dare kowa ya fita da tocila da takalmi, a kakkaɓe shimfiɗa kafin a kwantar da yaro. In kububuwa ta sari wani, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire awarwaro ko zobe, a hana ƙafar motsi, a ɗauke shi zuwa likita. Murhu kuma ya zama a waje, ta inda iska ba za ta kai tartsatsi kan zana ba, musamman in an shiga Nuwamba kara ya bushe, sanyi ya fara sa mutane jan wuta kusa da shimfiɗa.

'Yan uwa na waje, in za ku aiko, ku faɗi abin da za a saya da sunansa: sange biyu ko uku gwargwadon yawan yara, fitila mai cajin rana wadda ke cajin waya, tamfol ɗaya, jarka mai marfi, takalman roba na yara da bargo. Ranakun CPS na kowane wata kuma za mu riƙa sanar da su a shirinmu da zarar ma'aikatan lafiya sun ba mu.