Cutar ALS

Cutar ALS, wadda likitoci ke kira amyotrophic lateral sclerosis, cuta ce da ke lalata ƙwayoyin jijiya masu kai umarnin motsi daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa tsokokin jiki. Idan waɗannan ƙwayoyi suka mutu, tsoka takan yi rauni, ta rame, daga baya ta daina aiki. A Amurka ana kiranta cutar Lou Gehrig, a Faransa kuma cutar Charcot. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Har yanzu babu maganin da ke warkar da ita, amma bincike da kyakkyawar jinya sun ƙara wa masu ita tsawon kwana da sauƙin rayuwa.

Alamomi

Cutar takan fara da rauni a hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya, kamar yawan tuntuɓe ko kasa riƙe cokali. Ga wasu kuma daga harshe da maƙogwaro take farawa, sai magana ta yi nauyi, haɗiya ta yi wuya. Akan ga tsoka tana ɗan motsi da kanta a ƙarƙashin fata. Raunin yakan ci gaba a hankali har ya kai ga tsokokin numfashi. Yawanci gani da ji da jin taɓawa ba sa taɓuwa, ko da yake wasu marasa lafiya kan sami canjin hali da tunani.

An fi ganinta a tsakanin masu shekara 50 zuwa 70. A Turai, kimanin mutum 2 cikin kowane 100,000 ne ke kamuwa da ita a shekara. Akasarin masu ita kan rayu shekara 2 zuwa 5 bayan bayyanar alamu, amma akwai waɗanda kan daɗe. Masanin kimiyya Stephen Hawking na Ingila ya rayu da ita daga 1963 har rasuwarsa a 2018.

Ci gaban bincike

Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya fara bayanin cutar a 1869. An yi fiye da shekara ɗari ba a gano tushenta ba. A 1993 masu bincike suka gano cewa tangarɗa a ƙwayar gado mai suna SOD1 na haddasa ta a wasu iyalai. A 2006 aka gano furotin TDP-43 yana taruwa a cikin ƙwayoyin jijiyar mafi yawan masu cutar. A 2011 kuma aka gano tangarɗar C9orf72, wadda ita ce ta fi yawa a cikin masu gadon cutar 'yan asalin Turai. Kimanin kashi 10 cikin 100 na masu ALS ne suka gaje ta. A sauran, ana nazarin haɗuwar gado da shekaru da abubuwan da ke cikin muhalli.

Maganin farko da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi shi ne riluzole, a 1995, wanda ke ƙara 'yan watanni ga rayuwar mara lafiya. Japan ta amince da edaravone a 2015, Amurka a 2017. A 2023 aka amince da tofersen, wanda ake yi wa allurarsa a cikin ruwan laka, kuma masu tangarɗar SOD1 kaɗai yake yi wa aiki. Ba kowane gwaji ne ke cin nasara ba: an janye maganin Relyvrio daga kasuwa a 2024 bayan babban gwaji ya nuna bai amfanar ba.

Jinya da tallafin al'umma

Abin da ya fi taimaka wa mara lafiya shi ne kulawar ma'aikata da yawa tare: likitan jijiya, masu gashin ƙashi, masana abinci da ma'aikatan jinya. Na'urar taimaka wa numfashi ta fuska tana ƙara tsawon rai. Robar ciyarwa ta ciki tana hana rama idan haɗiya ta gagara. Keken guragu, allon haruffa da na'urorin magana masu bin motsin ido suna ba mutum damar ci gaba da hulɗa da iyalinsa.

An kafa ƙungiyar masu cutar ta Ingila a 1979, ta Amurka a 1985, sannan ƙawancen ƙungiyoyin na duniya a 1992. Ranar 21 ga Yuni ce ranar cutar ta duniya. A 2014 wasan sheƙa bokitin ruwan ƙanƙara a kai ya bazu a Facebook da sauran kafofin sada zumunta, inda ƙungiyar Amurka ta tara kimanin dala miliyan 115. Wani ɓangare na kuɗin ya tallafa wa binciken da ya danganta ƙwayar gado NEK1 da cutar a 2016. A Afirka ta Kudu, ɗan wasan zari-ruga Joost van der Westhuizen, wanda ya rasu a 2017, ya kafa gidauniyar J9 domin masu cutar.

A Najeriya

Farfesa Benjamin Osuntokun da abokan aikinsa a Ibadan sun wallafa nazari kan cutar a tsakanin 'yan Najeriya a 1974. Nazarce-nazarcen da aka yi a Afirka sun nuna tana yawan farawa da ƙananan shekaru idan aka kwatanta da Turai.

A ƙasar Hausa ana iya rikita ta da wasu cututtuka. Shanyewar ɓarin jiki takan zo farat ɗaya, shan inna kuma yawanci yara yake kamawa, alhali ALS sannu a hankali take tafiya a jikin babba. Babu gwaji guda da ke tabbatar da ita. Likita kan duba mara lafiya, ya auna aikin jijiya da tsoka da na'ura, ya kuma kawar da sauran cututtuka masu kama da ita. Irin wannan bincike na manyan asibitoci ne, kamar asibitocin koyarwa na Sakkwato, Kano da Shika a Zariya. Nauyin jinya kuwa, ciyarwa da wanka da juya mara lafiya don kada ya yi gyambon kwanciya, yawanci a kan iyali da dangi yake.

Gubar dalma a Zamfara

Ɗaya daga cikin abubuwan da likita ke kawarwa shi ne gubar dalma, domin a jikin babba takan raunana jijiyoyin motsi, musamman na wuyan hannu. Wannan na da muhimmanci ga yammacin Zamfara. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano gubar a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Abare, Dareta da Yargalma, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Yara kimanin 400 suka rasu. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga ƙauyukan, an kuma ba yara maganin da ke fitar da dalma daga jini.

Gubar dalma daban ce da ALS: gwajin jini na nuna ta, kuma tana da magani. Wasu nazarce-nazarce a Amurka sun ga alaƙa tsakanin daɗewa ana cuɗanya da dalma da ƙarin haɗarin ALS, amma kimiyya ba ta tabbatar da cewa dalmar ce ke haddasa ta ba. Saboda haka mai haƙar ma'adinai da ya ga rauni na ƙaruwa a hannu ko ƙafarsa yana bukatar gwajin jini da ganin likitan jijiya tun da wuri.