Ɗakin mara lafiya: ra'ayin Florence Nightingale da batun ruwa a Tamale

Tun kafin likitoci su amince cewa ƙwayoyin cuta ne ke haddasa annoba, Florence Nightingale (1820–1910), ma'aikaciyar jinya 'yar Ingila, ta dage cewa wurin da mara lafiya yake kwance na iya taimaka masa ya warke, yana kuma iya ƙarasa shi.

A watan Nuwamba 1854, lokacin yaƙin Kirimiya, ta isa asibitin sojojin Birtaniya da ke Scutari, wani yanki na Istanbul, tare da mata 38 masu jinya. Ta tarar taifot da kwalara da atini sun fi raunin harsashi cin rayuka. Mace-macen ba su ragu sosai ba sai da wani kwamitin tsafta ya zo daga Landan a watan Maris 1855, aka yashe magudanai, aka buɗe wa iska hanya.

A littafinta Notes on Nursing, wanda ya fito a ƙarshen 1859, ta lissafa abin da gida ke buƙata: iska mai kyau, ruwa mai tsafta, magudana, tsaftar wuri da haske. Ta yi magana kuma a kan hayaniya da abinci da shimfiɗa. A lokacin ta ɗauka warin ruɓa ne ke ɗauke da cuta. Nan kam ta yi kuskure, sai dai matakan da ta kawo sun tare ƙwayoyin da ba ta gani ba.

A arewacin Ghana, batun ruwa ne ya fi fito da gaskiyarta. Ruwan famfon Tamale daga Dalun yake zuwa, a bakin kogin White Volta. Da aka samu matsalar ruwan a 2006, jama'a suka koma shan na tafki, kuma a farkon 2007 kurkunu ya ɓarke a Savelugu, arewa da Tamale, domin tsutsar kan yi kusan shekara a jiki kafin ta fito. Kurkunu ba shi da magani, ba shi da rigakafi. Da tace ruwa da hana masu ciwon shiga tafki aka ci ƙarfinsa. A 2010 aka ga na ƙarshe a ƙasar, a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Ghana ta rabu da shi.

Sanƙarau, wanda kan taso da rani, ya fi yaɗuwa inda ake kwana a cunkushe, amma shi buɗe taga kaɗai ba ya isa, sai da allurar rigakafi.

Abin da ake yawan mantawa shi ne, matan gida Nightingale ta rubuta wa littafin, ba ma'aikatan asibiti ba. A Asibitin Koyarwa na Tamale, wanda aka buɗe a 1974, kamar dai a Kano ko Maraɗi, dangin da ke zaman jinya ne kan kawo abinci, su wanke kayan mara lafiya, su yi masa fifita idan zafi ya tsananta.